Bawul ɗin da Kawu Ya Sassaƙa da Sabulu

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da yayana, gari bai gama wayewa ba. Jakata biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai wani dogon kwali da na rungume a cinya, cike da takardun zane da fensira da rula. Direban da ya ɗauke mu zuwa Kano ya yi ta satar kallon kwalin, daga ƙarshe ya kasa haƙuri ya tambaya ko allon karatu zan kai Makka. Na ce masa kusan haka ne.

Ga waɗanda ba su san ni ba, malama ce ni, ina koyar da zanen injuna a wata kwalejin fasaha. Abin da ya tayar da ni kuwa kiran kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya bar gida tun kafin a haife ni. Ya daɗe yana kanikanci a dandamalin haƙar mai da ake kafawa a tsakiyar teku, can gabashin Saudiyya. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma Madina, ya kama aiki a wani shagon kayan famfo. Sau biyu kacal na taɓa ganinsa. Wata uku kafin tafiyar nan ya kira ni ya ce idanunsa sun kusa rufewa, likitoci sun ce aiki ba zai gyara ba, kuma akwai wani abu a kansa da yake so a sauke a takarda tun yana iya bayani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Inna yake kirana.

"Inna, ki zo da fensirinki," in ji shi.

Damina ta yi kyau bana. Daga Kankiya har Tsanyawa gero ya fitar da kai, hazon ruwa na kwance a kan gonaki, ni kuma ina tsakanin barci da farke, sai nake ganin kamar motar a kan koren ruwa take tafiya. Inda aka gyara titi mu yi ta lilo, inda ba a gyara ba mu yi ta salati. A Bichi yayana ya sa aka tsaya ya sayi ƙosai, wai bai yarda da abincin jirgi ba. Ɗan kasuwar hatsi ne, duk inda ya sa ƙafa sai ya ji farashin abu ko da ba zai saya ba. A jirgin ma sai da ya cinye nasa abincin ya haɗa da nawa.

Na samu kujerar taga. Kore ya yi ta dusashewa a ƙasa har ya koma ja, ja ya koma fari, sa'an nan kwatsam ga teku shuɗi shar, da ƙananan jiragen ruwa kamar an watsa shinkafa. Rana ta yi sanyi muka sauka a filin jirgin Madina. Sanyin na ido ne kawai, don ana buɗe ƙofa iska ta buge ni kamar an buɗe tanda. Ginshiƙan ginin filin jirgin an yi su da siffar dabino. Wani dattijo cikin masu tura kaya ya ɗaga jakata, ya tsaya, ya shaƙi iska, ya ce da Hausar Maraɗi lallai wannan jakar daga gida take. Na ɗebar masa daddawa ƙulli biyu. Addu'ar da ya yi mini har yanzu ina jin daɗinta.

'Yar Kawu ce ta zo ɗaukarmu, ita ke tuƙa motarta. A Madina aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani. Duk abin da na faɗa da Hausa tana ji, amma amsa sai da Larabci, ni kuma Larabcina na islamiyya ne. Haka muka yi ta hira, kowa da harshensa, kuma ba wadda ta ɓata. Gefen hanya baƙaƙen duwatsu ne birjik kamar an ƙone ƙasar, can gaba kuma ga dutsen Uhudu ya miƙe, jajaye-jajaye a hasken yamma. Na daɗe ina jin sunansa a karatu. Da na gan shi tsaye a bayan shagunan taya da gidan mai, sai na yi ta kallonsa har muka wuce.

A unguwar Bani Harisa gidan yake, hawa na biyu. Abin da ya fara tarbarmu tun daga matakala ƙamshin sabulu ne. Kawu na zaune a falo, dogo, siriri, da farar hula, ya juyo da kunne wajen ƙofa maimakon ido. Na durƙusa na gaishe shi, ya lalubo kaina ya dafa, ya ce muryar ƙanwarsa ce sak. Matarsa Hajiya, Bahaushiyar Sudan, ta jawo ni ta nuna mini wani tire a gefensa. Sandunan sabulun wanki ne an sassaƙe su, wasu kamar kofi, wasu kamar zobe, wasu an fafe cikinsu. Ta ce wata shida ke nan ba ta ajiye sabulu ta same shi yadda ta bar shi, har mai kantin unguwa ya ɗauka wankau suka buɗe. Tunda ido ya ƙi zane, da wuƙa da yatsu Kawu yake tunani.

Washegari bayan mun karya da burodin tamis mai zafi da wake da shayin na'ana'a, ya sa aka sauko da wata takarda da ke rataye cikin gilashi. Takardar shaidar ƙirƙira ce, irin wadda hukuma ke bayarwa idan mutum ya fito da abin da ba a taɓa yin irinsa ba. Sunaye huɗu ne a jiki, nasa ne na ƙarshe. Ya ɗora yatsa daidai kan sunan ba tare da lalube ba. Ya ce wani bawul ne, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya ko ya rufe ta, na ƙafafun dandamali suka ƙera, kamfanin ya yi rajista, mallaka ta kamfani ce, suna kuma nasu. An ba shi agogo da wasiƙar yabo. Bai faɗi haka da ɗaci ba. Ya ce wancan na masu kuɗi ne, wannan na cikin tire kuwa na mutanen gida ne.

Ga abin da yake nufi. A garuruwanmu idan bututun tanki ya fashe, ko aka fizge tiyo, ruwan da aka sha wahalar turawa sama sai ya tsiyaye tas kafin a ankara. Bawul ɗinsa ɗan ƙaramin gida ne na tagulla, a ciki akwai ƙwallon ƙarfe zaune a gindin wata 'yar gangara. Idan ruwa na tafiya a hankali, ƙwallon na nan zaune, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Idan ruwa ya ɓalle da gudu, sai ya ture ƙwallon sama ya toshe baki. Idan an gyara fashewar kuma, ƙwallon ya gangaro da kansa, hanya ta buɗe. Babu sifirin da zai yi tsatsa, babu abin da maƙerin kasuwa ba zai iya yi ba.

Da la'asar muka tafi Harami. Ba zan iya ba ku labarin abin da zuciya ke ji a gaban kabarin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba. Wanda ya je ya sani. Abin da zan iya faɗa shi ne na farfajiya. Manyan lemomi ne farare a kan ginshiƙai, sun rufe sama. Gab da magariba Kawu ya ce mu tsaya cik. Sai na ji wani siririn gunji, lemomin suka fara naɗewa gaba ɗaya, a hankali ƙwarai, sama na buɗewa kaɗan-kaɗan, launin ruwan goro, tsuntsaye na ratsawa. Mutane suka ɗaga wayoyi. Shi kuwa Kawu ya sunkuyar da kai yana saurare. Ya ce kullum nan yake zuwa jin yadda ƙarfe ke yin ladabi. Ya nuna wani ginshiƙi da sandarsa ya ce wancan yana buƙatar mai.

Kwana huɗu muka yi muna zane. Da safe in shimfiɗa takarda a teburin cin abinci, ya miƙo mini sabulu guda, in auna, in zana, in karanta masa awon, ya gyaɗa kai ko ya ce a rage. Na'urar sanyaya ɗaki na ta huci, labule a sauke, Hajiya na shigo mana da ɗanyen dabino mai sanyi wanda ke narkewa a baki. Lokacinsa ne, kasuwa cike take da shi. Sau da yawa sai in rasa ko safiya ce ko yamma sai kiran salla ya gaya mini. Yayana kuwa ya gano kasuwar dabino, kullum ya dawo da rahoton cewa dabinon ajwa ya fi ƙarfin talaka, amma ɗanɗano kyauta ne, kuma shaguna sun fi ɗari.

A rana ta uku na ga wani abu. A leɓen da ƙwallon ke toshewa akwai wata 'yar tsaga, siririya kamar gashi. Duk littafin da na karanta, kuma duk abin da nake koya wa ɗalibai, cewa yake mazaunin bawul sumul ake yinsa. Na ce a raina wuƙa ce ta zame wa dattijon da ba ya gani. Na ji tausayinsa, ban so in kunyata shi ba. Na zana wurin sumul na yi shiru.

Muka kai zanen Sultana. Titi ne mai hayaniya, shagunan turare da na waya da gidajen abinci a jere, ƙamshin gasasshiyar kaza da shinkafa bukhari na bin mutum. A wani lungu ta baya warsha take, wato shagon masu feƙe ƙarfe. Mai shagon mutumin Damagaram ne, furfura ta fara cin gemunsa, Kawu na kiransa Mu'allim, shi kuma yana ce masa Baba Alhaji. Ya baza takardata a kan benci ya daɗe yana dubawa, ya ce rabonsa da ganin zanen hannu mai tsabta haka tun yana koyon aiki. Kaina ya ɗan kumbura. Ya ce mu ba shi kwana uku zai fitar da guda biyu.

Cikin kwanakin jiran ne Kawu ya ce yana son jin teku. Ba a wannan gaɓar ya yi aiki ba, amma Yanbu ce mafi kusa. Muka fita da sassafe, 'yarsa na tuƙi. Hanyar ta ratsa tsakanin duwatsu tsirara masu launin toka da shunayya, nan da can 'yan gonakin dabino a cikin kwari, raƙuma na tsaye kamar an manta da su. Muka tsaya a Badar muka yi wa shahidai addu'a. Daga nan ƙasa ta baje, iska ta yi nauyi, bakina ya fara jin gishiri. Yanbu gari ne na bututu da dogayen hasumiyoyin matatar mai, amma bakin ruwan shiru ne. Muka ci soyayyen kifi da jar shinkafa a ƙarƙashin wata rumfa, yayana ya ji kuɗin kifin ya ce ashe a bakin teku ma ba a raba shi sadaka.

Kawu ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa har ƙauri, ina riƙe da hannunsa. A nan ya ba ni labarin yadda ake kafa dandamali. Ya ce a tudu ake ƙera ƙafafun, ƙarfe ne mai tsawon da ya fi hasumiyar masallaci, a kwantar da shi a kan wani faffaɗan jirgi a ja shi zuwa tsakiyar teku, sa'an nan a zame shi cikin ruwa. Ba ya nutsewa, don cikin ƙafafun iska ce, sai ya kwanta yana shawagi. Daga nan a buɗe bawul, ruwa ya fara shiga ƙafafun ta ƙasa, abin ya fara miƙewa a hankali, a hankali, kamar raƙumi zai tashi, har ya tsaya a ƙasan teku. Sai a kafe shi da manyan turakun ƙarfe, a ɗora gari guda a kansa. Ya ce a da sai mai ninƙaya ya nutsa ya buɗe bawul ɗin da hannu. Wata rana ɗaya ya ƙi buɗewa, da ya buɗe kuma sai ruwa ya zuƙe hannun abokinsa, yatsu uku suka tafi. Abin da ya hana shi barci ke nan har ya fito da bawul ɗin nan na takardar shaida, wanda ake buɗewa daga sama. Yana magana yana fuskantar inda ruwa ya haɗu da sama. Na bi wurin da kallo, tururin zafi na rawa a kan ruwan, har na fara ganin kamar wani dogon abu na miƙewa a can. Jirgin dakon kaya ne.

Ranar gwaji muka hau saman bene da hantsi, inda tankin gidan yake. Mu'allim ya zo da kansa, ya ɗaura bawul ɗin tsakanin tanki da tiyo. Tagullar na ƙyalli. Aka buɗe famfo, ruwa ya zubo lafiya. Kawu ya ce a fizge tiyon. Yayana ya fizge, ruwa ya yi tsalle ya jiƙa masa riga, sai muka ji ƙas, ruwa ya tsaya cak. Hajiya ta rangaɗa guɗa irin ta Sudan. Aka mayar da tiyo, aka rufe famfo, muka tsaya jiran ƙwallon ya gangaro. Minti biyar, minti goma. Rana ta fara cizo. Aka buɗe famfo, ko ɗigo.

Kawu ya ce a kwance a ba shi. Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa ciki ya zagaya leɓen sau ɗaya.

"Ina tsagar?"

Mu'allim ya ce shi abin da ke takarda ya bi. Na ce, "Kawu, ni ce. Na gan ta, na ɗauka wuƙa ce ta zame maka."

Ya juya tagullar a tafin hannu. Sa'an nan ya ce, ba da faɗa ba, "Inna, idon ne ya tafi. Hannun yana nan."

Ya bayyana mini cewa tsagar ita ce dukan dabarar. Ta nan ruwa ke ɗiga kaɗan-kaɗan ya cika bututun da aka gyara, har ƙarfin ruwan gaba da na baya su zo daidai, ƙwallon ya rasa mai danne shi ya gangaro. Ya ce wata biyu ya yi yana neman faɗinta, sabulu ya fi ashirin. Da na tambaye shi, da magana ɗaya ta wadatar. Na ba shi haƙuri ina hawaye. Ya ce in bar kuka a saman bene, maƙwabta za su ce ya doke uwarsa.

Mu'allim ya ciro ɗan siririn magagari daga aljihu. Kawu ya riƙe masa wuyan hannu yana jan sa, sau uku, ya shafa, ya ce a ƙara rabi, ya shafa, ya ce ya isa. Aka ɗaura, aka fizge, ruwa ya tsaya, aka mayar da tiyo, aka rufe famfo. Muka tsaya jira. Tattabaru na yawo a kan rufin maƙwabta, Uhudu na can cikin hayaƙin zafi. Ban san tsawon lokacin ba, na dai karanta Fatiha ta fi sau bakwai. Sai muka ji wani ɗan sauti, kamar ƙwallon dabino ya faɗa kofi. Kawu ya riga kowa ji, don na ga ya yi murmushi kafin 'yarsa ta buɗe famfo. Ruwa ya zubo. Ya tara hannu ya wanke fuska.

A ranar na sake zanen, da tsagar da awonta. 'Yarsa ta cike takardun neman rajista ta kwamfuta, ta gargaɗe shi cewa binciken na ɗaukar lokaci, kuma mai yiwuwa a tarar wani a wata ƙasa ya riga shi. Ya ce in an riga shi, to ashe su biyu ne masu hankali. Shi ba sayarwa zai yi ba, so yake kada wani ya zo gobe ya yi rajista ya hana maƙeran gida ƙerawa. Ya so a sa sunana kusa da nasa, na ƙi. Muka daidaita a kan in sa hannu a kusurwar takarda, inda mai zane ke sa wa.

Muka je Makka ta jirgin ƙasa muka yi Umra, muka dawo muka yi bankwana. Kawu ya ba ni bawul na biyu, bayan shi ma an yi masa tsagarsa, naɗe cikin hankici. Bai rako mu filin jirgi ba, a bakin matakala ya tsaya yana sauraren takunmu har muka sauka. Wajen binciken kaya jami'in ya ɗaga tagullar yana juyawa, ya tambayi mene ne. Duk Larabcina ya gudu. Yayana ya nuna famfo da hannu ya yi ƙarar ruwa da baki, mutumin ya yi dariya ya miƙo mana.

Ruwan sama muka tarar a Kano, shi ya rako mu har Katsina. Mahaifiyata ta karɓi dabino da zamzam ta ajiye, ta karɓi bawul ɗin ta riƙe, amma ba ta tambayi aikinsa ba. Cewa ta yi, kawun naku ya rame? Yana cin abinci? Na ce yana ci, kuma dariyarsu iri ɗaya ce.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya bai da yawa, amma ya zauna mini. Na je da niyyar taimakon makaho, ashe ni ce ban gani ba. Tausayin da ya hana ni tambaya raini ne a ɓoye, kuma ya kusa ɓata aikin wata shida. Yanzu idan na ga abin da ya saɓa wa littafi a aikin wani, sai na tambaya kafin in goge.

Har yau ba a amsa takardar rajistar ba. Bawul ɗin kuwa mun ɗaura shi a tankin rijiyar burtsatsen unguwarmu. Ranar Talatar da ta wuce wani mai kura ya taka bututun ya fashe, ruwa ya tsaya, tanki bai zube ba. Da mai gyara ya gama ɗauri na kira Kawu na gaya masa. Ya tambaya ko ya buɗe da kansa, na ce ya buɗe. Ya ce in kai wayar bakin famfo. Na tsuguna a tsakiyar mata da jarkoki na kara wayar kusa da ruwan, na daɗe a haka, shi ma bai kashe ba.